Dutsen Rumawa da Tubalin Hausawa: Waiwaye a Kan Tsofaffin Gine-ginen Tarabulus da na Kudancin Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19 yakan bi ta Zindar da Agadas da Gat, sa'an nan ya faɗa ƙasar Fazzan ko ya ratsa ta Gadamas. Tun kafin ya isa bakin Bahar Rum yakan fara cin karo da kusheyi da hasumiyoyi da kufan barikokin soja na sassaƙaƙƙen dutse, waɗanda Rumawa da talakawansu suka bari shekaru fiye da 1,500 kafin lokacin. A cikin birnin Tarabulus kuwa akwai wata ƙofa ta dutsen marmara wadda har yau tana nan tsaye. A ɗaya bakin hanyar, watau ƙasar Kano, akwai birane masu ganuwa da masallatai da soraye na ƙasa, waɗanda da yawansu ba su kai rubu'in shekarun waccan ƙofa ba, amma ga shi sun zube, wasu ma sai dai a nuna wa mutum inda suke a da.

Wannan maƙala za ta duba abin da ya sa haka, ta hanyar kwatanta tsofaffin gine-ginen Tarabulus da na garuruwan kudancin Kano, musamman Bebeji da maƙwabtanta na ƙasashen Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da ake son nunawa shi ne, ginin dutse yana iya jure sakacin masu shi, amma ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun mutane a kansa kowace shekara. Don haka hanyar da aka bi aka adana kayan Rumawa ba za ta wadatar wajen adana namu ba.

2.0 Abin da Rumawa Suka Bari a Tarabulus

Asalin kalmar Tarabulus daga harshen Yunananci take, ma'anarta kuwa birane uku. Biranen su ne Oya, wadda ita ce Tarabulus ta yanzu, da Sabrata a yammacinta, da Labda wadda ke gabas da tazarar kimanin kilomita 120. Finikiyawa ne suka kafa su don ciniki, daga baya suka shiga hannun daular Rum. Arzikinsu ya dogara ne a kan man zaitun da alkama da kuma kayan da ke fitowa daga cikin hamada.

Ƙofar da aka ambata a sama an gina ta ne wajen shekara ta 165 Miladiyya, don girmama sarakunan Rum biyu da suka yi mulki tare, Markus Aureliyus da Lusiyus Berus. Fuska huɗu gare ta, domin a mararrabar manyan hanyoyi biyu aka kafa ta, kuma wani mai riƙe da sarautar gari ne ya biya kuɗin aikin daga aljihunsa. A Labda ma haka abin yake: kasuwar birnin da gidan wasan kwaikwayonsa wani attajiri ɗan ƙasa mai suna Annobal ne ya gina su, a shekarun da ke daf da haihuwar Annabi Isa (A.S.) da kuma bayanta kaɗan. Labda ta kai ƙololuwar ɗaukaka sa'ad da ɗanta Saftimiyus Seberus ya hau gadon sarautar Rum daga 193 zuwa 211. Shi ne ya faɗaɗa mata tashar jiragen ruwa, ya gina sabon dandali da babban zauren shari'a, aka riƙa jigilar marmara daga ƙasar Girka da jan dutse daga Masar.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙaddarar biranen biyu ta bambanta. Labda mutanenta sun watse, rairayi ya binne ta, binnewar nan kuwa ita ta tsare ta har masu haƙa suka tono ta a ƙarni na 20. Oya ba a taɓa barin ta ba. Kowane zamani mutanensa sun gina gidajensu a kan na magabata, suna cire duwatsun da suna sakawa a sababbin bangaye da masallatai, har ya zamana babu wani babban ginin Rumawa da ya rage a fili in ban da ƙofar nan ɗaya. Ita ma ƙasa ta cinye gindinta, an mayar da ita kanti da rumbun ajiya, sai bayan da Italiya ta kama birnin a 1911 aka share kewayenta.

Labda ma ba ta tsira daga masu kwasa ba. A ƙarshen ƙarni na 17 wani jakadan Faransa ya yi jigilar ɗaruruwan ginshiƙanta zuwa ƙasarsu. A 1817 kuma aka loda wasu zuwa Ingila, da yardar mai mulkin Tarabulus Yusufu Karamanli, bisa ƙoƙarin jakadan Ingila Warintan. Wannan jakada shi ne dai ya sallami Kyaftin Kilafatan da abokan tafiyarsa daga Tarabulus a 1822, tafiyar da ta kawo shi Kano a watan Janairu na 1824.

3.0 Hanyar da ta Haɗa Ƙasashen Biyu

Kwatancin nan ba daga sama ya faɗo ba, domin ƙasashen biyu sun daɗe da sanin juna. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a birnin Kano, har unguwar Dandalin Turawa ta samo sunanta daga gare su, saboda a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa. Sunan unguwar Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci ta masaukin fatake yake, ita kuma Larabawa sun aro ta daga Yunananci. Haka nan masana harshe sun bi sawun kalmar takarda har zuwa Latinanci, harshen Rumawa, ta hannun Buzaye. Bature Bat, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya bar Tarabulus a 1850 ya iso Kano a 1851, ya kuma bayyana yadda saƙin Kano da turkuɗinta ke kaiwa har Gat da Gadamas da Tarabulus.

Bebeji tana da rabonta a wannan ciniki, ko da yake fuskarta ta fi kallon kudu. Tana kan hanyar Zazzau, inda fataken Gwanja masu goro da na Nufe ke yada zango kafin su shiga birni. Kilafatan ya ratsa ta a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 20,000 da 25,000, alhali Kano kanta ya ƙiyasta ta ne tsakanin 30,000 da 40,000. A wannan gari aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar fatake Agalawa. Gari mai irin wannan dukiya dole ya nemi abin da zai kare shi.

4.0 Ganuwa da Kafi a Kudancin Kano

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ganuwar birnin Kano, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, aka kuma sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623) a hannun Wambai Giwa. Garuruwan karkara sun bi wannan tsari gwargwadon ƙarfinsu. Babban gari yakan yi ganuwa ta ƙasa, da gwalalo a bayanta, da sarƙaƙiya da ake bari ta yi duhu don ta hana doki kusantowa. Ƙaramin gari kuwa yakan yi kafi na itace. Sunaye irin su Kafin Maiyaƙi a ƙasar Kiru suna tuna mana da wannan har yau.

Kudancin Kano ya fi sauran sassa bukatar irin wannan tsaro, don shi ne bakin iyaka. Daga nan ake shiga ƙasar Zazzau da ta Bauci, ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai inda ake narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Sa'ad da masu Jihadi suka ci ƙarfin Sarkin Kano Muhammadu Alwali, a Burumburum ta ƙasar Tudun Wada ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe, a can aka kashe shi a 1807. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kuma Ningawa suka matsa wa kudanci da kudu maso gabashin Kano da hare-hare, suna kama mutane da dabbobi, har Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ya shafe shekaru yana fama da su. A irin wannan hali, wanda dare ya riska a bayan ganuwa ya san abin da ya tara.

Aikin ganuwa kuwa na kowa ne. Bayan an gama girbi, sarkin gari yakan raba tsawonta ga unguwanni da ƙauyukan da ke fakewa a cikinta, kowa da rabonsa. A haƙo ƙasa daga gwalalo, watau ana ƙara masa zurfi ke nan, a kwaɓa, a cike inda damina ta zaizaye, ana yi da kiɗa kamar gayya. Ƙofofi suna da ƙyamare masu kauri, da Sarkin Ƙofa mai rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Saboda haka ganuwar da mutum ya gani a kowace shekara, fatarta ta bana ce, ko da cikinta ya shekara ɗaruruwa.

5.0 Bambancin Fasahar Gini

Maginin Rum yana aiki da dutsen da aka sassaƙa da turmin farar ƙasa ƙonanniya. Idan zai yi baka, sai ya jera duwatsu masu siffar weji a kan katakon tallafi, ya saka na tsakiya a ƙarshe. Nauyin ginin shi ke matse duwatsun da juna, don haka muddin gindin bai gusa ba, bakan zai tsaya ko babu mai kula da shi.

Maginin Hausa kuwa da tubali yake aiki, wanda ake mulmulawa da hannu daga jar ƙasa a shanya a rana, a jera shi tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ciyawa. Ƙashin ginin shi ne azara, wadda ake tsagawa daga giginya domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufi a faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6. Dabarar da magina suka yi ita ce bakan gizo: a dasa azara a cikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, ana yi ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gicciye juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Da ido bakan gizo ya yi kama da bakan Rumawa, amma ƙarfinsa daga azarar da ke ciki yake fitowa. Wanda ya fi shahara da wannan fasaha shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846).

Abokin gabar irin wannan gini shi ne ruwa. Ruwan da ke sauka a kudancin Kano a shekara ya ninka na Tarabulus wajen sau uku, kuma a cikin 'yan watanni yake zubowa. Magina sun tanadi magani: indararo mai fitar da ruwa nesa da bango, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Sai dai kowane ɗayansu yana da wa'adi. Idan indararo ya toshe damina ɗaya, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya sami azara, to, ginin da ya shekara 200 yana iya zubewa a dare guda.

Kada a ɗauka cewa Hausawa ba su san ginin dutse ba. Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16, da dutse aka yi ganuwarta, kuma da yake an ƙaurace mata kamar Labda, sassanta suna nan tsaye a daji. A ƙasar Kano ƙasa ce ta fi sauƙin samu da sauƙin gyara, ga sanyi da bazara da ɗumi da hunturu, kuma akwai hannuwan da za su yi mata yaɓe duk shekara.

6.0 Shekarar 1903 da Abin da ya Biyo Baya

Ran 29 ga Janairu, 1903, rundunar Ingilishi ta tashi daga Zariya ƙarƙashin Kanar Molan, da sojoji fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Sarkin Kano Aliyu Babba ya riga ya sa an gyara ganuwoyin garuruwan da ke kan hanya. Bebeji ce ta fara tsayawa. Kyaftin Abadi, wanda Zazzagawa ke kira Mai Jimina, ya nemi a buɗe ƙofa aka ƙi. Sai aka harba igwa ta fasa ƙyauren, ta kashe Sarkin Bebeji da wasu manyansa da ke bayan ƙofar. Da labari ya bazu, sauran garuruwan da ke kan hanya ba su yi faɗa ba. Ran 3 ga Fabrairu aka shiga Kano, Sarki Aliyu yana can wajen Sakkwato. Gwamna Lugga da kansa ya yi mamakin ganuwar birnin, ya ba da rahoton cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40.

Igwa ba ta rushe ganuwoyin nan ba, ƙofa kawai ta fasa. Abin da ya kashe su shi ne gushewar dalilin yin su. Da hare-hare suka ƙare, manoma suka fita suka kafa gidaje kusa da gonakinsu. Aikin gayya da a da ake yi wa ganuwa aka karkatar da shi ga hanyoyi da gidajen saukar baƙi. Damina ta riƙa cin rabonta ba mai mayarwa. Daga baya mota ta zo, ƙofar da aka yi don raƙumi da jaki ta yi mata kaɗan, aka faɗaɗa. Mai neman ƙasar gini ya ga tudu a bayan gidansa, ya ɗiba. Zuwan siminti da kwano ya sa 'ya'yan magina suka bar sana'ar iyayensu. Manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sun kawo albarka da yawan jama'a a yankin, tare da ƙarin bukatar fili. Halin Oya ke nan: garin da ke da rai yana cinye tsofaffin gine-ginensa. Bambancin kawai, dutsen da aka cire daga ginin Rumawa ana iya gane shi a bangon da aka kai shi, amma tubali idan ya narke ya koma ƙasa, shi ke nan.

7.0 Abin da ya Rage

Mafi muhimmancin abin da ya rage a wannan yanki shi ne tsohon masallacin Bebeji, wanda ake dangantawa da zamanin sarakunan Haɓe, kuma yana cikin jerin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana, tare da Gidan Makama da ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina. Dokar farko ta kare kayan tarihi an yi ta a 1953, sa'an nan doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da irin waɗannan gine-gine. An saka Labda cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1982, ganuwar Kano kuwa an shigar da ita jerin masu jiran tantancewa a 2007.

Amma suna a takarda ba ya tare ruwan sama. Ganuwar Kano, duk da tana gaban idon hukuma, yawancinta ya zube ko an gine wurinsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi hasarar rayuka. In haka ta sami gine-ginen manyan birane, na karkara sai abin da Allah ya kiyaye. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai misalai biyu da za a koya daga gare su. Na farko, aikin masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dimochoski, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana zana su, ya kuma sa magina suka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos. An buga aikinsa cikin littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa. Na biyu, garin Jenne na ƙasar Mali, inda jama'a ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa. Na farko yana adana siffar gini, na biyu yana adana ginin da kuma sana'ar.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abubuwa uku ne ke gaban masu kishin tarihin wannan yanki. Na ɗaya, a bi garuruwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da rani, a auna sauran ganuwa da gwalalo, a zana taswirarsu, a rubuta sunayen ƙofofi daga bakin dattawa tun suna da rai. Ɗaliban sashen tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya yin wannan a matsayin kundin kammala karatu. Na biyu, a tattara kalmomin sana'ar gini daga bakin sarakunan magina, da yadda ake haɗa makuba da laso, domin ranar da aka rasa mai iya haɗa su, ba a iya gyara abin da ya rage ko da akwai kuɗi. Na uku, hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi su keɓe rana bayan girbi don yaɓen masallacin Bebeji da duk wata tsohuwar ƙofa ko zaure da ke tsaye, da irin kayan da aka gina su, domin siminti a kan bangon ƙasa yana tsare danshi a ciki ya ruɓar da azara.

Mutanen Tarabulus sun yi watsi da ƙofarsu shekaru fiye da 1,000, suka dawo suka tarar da ita. Mutanen kudancin Kano ba su da wannan sarari, domin ginin ƙasa da aka bari damina goma ba yaɓe, da wuya a tarar da abin gyarawa.